Foldar da Mu'mina Ba Ta Duba Ba

A unguwar Umarari, cikin garin Maiduguri, akwai wata yarinya ana kiranta Mu'mina. Yarinya ce mai ƙwaƙwalwa, wannan kam babu musu. Matsalarta ɗaya ce, ita ma ta san tana da ƙwaƙwalwar. Kafin malami ya gama tambaya ta ɗaga hannu. Kafin a gama faɗa mata aike ta kai bakin ƙofa.

Ba a Umarari aka haife ta ba. Daga wani ƙauye suka zo ta wajen Konduga, a shekarar da masu bindiga suka shiga garinsu. Ta zo tare da mahaifiyarta, Ya Fanna, da ƙanenta Mikail, wanda a lokacin yana goye. Babansu, Ba Ajimi, ya tsaya taimakon wasu tsofaffi. Ya ce su yi gaba, zai same su a hanya. Bai same su ba. Daga baya aka kawo labarin rasuwarsa.

Ba su fito da komai ba sai kayan jikinsu da wata tsohuwar waya. A cikin wayar akwai memori, ɗan mitsitsin abu da bai fi farcen yatsa ba. A cikinsa hotunan Ba Ajimi suke, domin mutum ne mai son hoto kamar me. Akwai kuma ɗan gajeren bidiyo na ranar sunan Mikail. A ciki Ba Ajimi ya ɗaga jaririn sama yana dariya, yana cewa yaron nan hancinsa ya ɗauko.

Duk ranar Juma'a, bayan an ci abincin rana, Ya Fanna takan zaunar da yaran a kan tabarma ta buɗe musu hotunan. Mikail bai san babansa ba sai a nan. Idan aka tambaye shi ina babansa, wayar yake nunawa.

Bayan an tashi makaranta, Mu'mina takan je wani ajin koyon kwamfuta a bayan layinsu. Ɗaki ɗaya ne, da tsofaffin kwamfutoci baƙaƙe duk iri ɗaya, da wutar sola a kan rufi. Malaminsu shi ne Malam Pindar, wani dogon mutum daga wajen Biu. Yana koya musu wani yaren kwamfuta da ake kira Python. Da shi mutum yake rubuta wa kwamfuta umarni layi-layi, ita kuma ta bi.

Malam Pindar ba ya gaggawa ko kaɗan. Ko ruwa zai sha sai ya leƙa cikin kofin. Yara sun sa masa suna Malam Duba, domin kullum tambayarsa ɗaya ce, ko sun duba.

Wata rana ya yi musu darasi a kan fayil da folda. Ya ce fayil shi ne abin da aka ajiye, kamar hoto ko bidiyo. Folda kuma ita ce ɗakin da ake ajiye shi a ciki. Ya rubuta os.path.exists a jikin allo. Ya ce wannan tambaya ce da ake yi wa kwamfuta, ma'anarta: abu kaza yana nan? Ita kuma amsarta biyu ce kawai, e ko a'a.

"Kada ku kai fayil ko'ina sai kun yi wannan tambayar," in ji shi. "Idan an aike ku gidan mutane da kwanon abinci, ai kukan yi sallama ku ji ko akwai mutane. Ba a ajiye kwano a ƙofa a juya."

Mu'mina ta yi hamma a ɓoye. A ganinta wannan ɓata lokaci ne. Mutum ya yi folda da hannunsa, sannan ya koma yana tambaya ko tana nan? Ƙafa gare ta da za ta gudu?

Ana nan sai wayar Ya Fanna ta fara ƙin ɗaukar hoto. Memorin ya cika maƙil. Ga shi Mikail zai shiga firamare, an ɗinka masa yunifom, uwar tana son ta ɗauke shi a ciki.

Nan take Mu'mina ta ce ita za ta gyara. Za ta kwashe hotunan ta kai cikin kwamfutar ajinsu, daga nan Malam ya sa musu a filashi, wata 'yar ma'ajiya da ake soka wa kwamfuta, memori ya sami wuri. Ta ce wannan aikin ba zai kai shan ruwa ba.

Ya Fanna ta daɗe tana kallon wayar. Ta ce gaskiya hankalinta bai kwanta ba. Mu'mina ta yi ta magiya har uwar ta gaji. Ta cire memorin da kanta, ta naɗe shi a leda, ta ƙulle shi a bakin hijabin 'yarta.

"Ki nuna wa Malam kafin ki taɓa komai," in ji ta. "Babanku ne a ciki."

"To, Mama," in ji Mu'mina. Ta faɗa ne tana sa takalmi.

Tun jiya ta riga ta shirya. Ta yi folda a kwamfutar da ke kusa da taga, ta sa mata suna BABA. Amma yau da ta isa aji, sai ta tarar wani yaro ya riga ta zama a wurin. Ba ta damu ba, ta zauna a ta kusa da ƙofa. Malam Pindar kuwa yana waje, ya hau tsani yana gyara wayar sola.

Ta ce a ranta kafin ya sauko ta gama, sai dai ya zo ya ga aiki. Ta sa memorin, ta rubuta umarninta. Ta ce wa kwamfuta ta ɗauke kowane fayil daga memori ta kai shi BABA. Yatsunta har sun fara rubuta layin tambayar nan da Malam ya koya musu. Sai ta yi tsaki ta goge shi. Ai ta san foldar tana nan, ita ta yi ta.

Ta danna. Kwamfuta ta ɗan yi aiki ta tsaya. Ba ta yi ƙorafi ba, ba ta nuna jan rubutu ba. Mu'mina ta yi murmushi, har da ɗan kallon yaran da ke gefenta.

Ta je buɗe foldar. Ba ta ga folda ba.

Abin da ta gani wani farin abu ne guda ɗaya tak, an rubuta BABA a ƙarƙashinsa. Sai a lokacin ta tuna cewa ba a wannan kwamfutar ta yi foldar ba. Ta buɗe memorin da sauri. Babu komai a ciki.

Da ƙyar ta samu ta buɗe farin abin. Hoto ne. Hoton ƙafar Mikail ne sanye da silifas, wanda ya ɗauka bisa kuskure ranar da yake wasa da wayar. Shi ke nan abin da ya rage.

Ta rufe ta sake buɗewa. Ƙafar Mikail. Ta kashe kwamfutar ta kunna. Ƙafar Mikail dai. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta ji ba tun ranar da suka baro ƙauye.

Malam Pindar ya shigo yana kaɗe hannu, ya tambaye ta ko lafiya. A nan ne ya kamata ta buɗe baki. Ba ta buɗe ba. Kunya ta hana ta. Ta ce kanta ne ke ciwo, ta zare memorin ta tafi gida.

A gida ta ce wa uwarta an gama, hotuna suna wurin Malam, zai sa a filashi. Ya Fanna ta sa mata albarka. Ta mayar da memorin cikin waya, ta ɗauki Mikail hoto da yunifom ta gaba da ta baya. Wata maƙwabciyarsu ta turo mata wa'azi da waƙoƙin biki ta bulutut. Ba a daɗe ba memorin ya fara cika da sababbin abubuwa.

Juma'a ta zo. Mikail ya shimfiɗa tabarma da kansa, ya ce a nuna masa Baba. Mu'mina ta ce Malam bai gama ba, sai wani mako. Wani makon ma ta ce sai wani.

A aji ta daina ɗaga hannu. Ta bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya tana nema a ɓoye, ko da yake ta san babu. A ta kusa da taga ta sami foldarta ta BABA, tana nan daram, ba ko fayil ɗaya a ciki. A gida kuma abinci ya daina shiga. Ya Fanna ta zaci zazzaɓi ne, har ta dafa mata ganye.

Wata yamma Mikail yana zane a ƙasa da tsinke. Ya yi kai, ya yi idanu, ya yi babban hanci. Sai ya tsaya ya ɗago kai.

"Yaya Mu'mina, Baba yana da gemu ne? Na manta."

Mu'mina ta tashi ta sami uwarta a bakin murhu, ta durƙusa, ta faɗa mata komai tana kuka. Ba ta rage komai ba, har ƙaryar da ta yi.

Ya Fanna ba ta doke ta ba. Ba ta ko ɗaga murya ba. Da ta doke ta, da ya fi wa Mu'mina sauƙi. Ta ajiye ludayin da ke hannunta, ta zauna a ƙasa har miya ta fara kamawa.

"Sau biyu ke nan na rasa shi," in ji ta a hankali.

Washegari suka je wurin Malam Pindar tare. Ya saurari labarin, ya karanta abin da Mu'mina ta rubuta, ya girgiza kai. Ya yi musu bayani dalla-dalla. Ya ce da kwamfutar ba ta sami folda mai suna BABA ba, sai ta ɗauka ana so ne a canja wa hoton suna zuwa BABA. Ta kawo na farko ta sa masa sunan. Ta kawo na biyu ta ɗora a kan na farko, na farko ya goge. Haka ta yi ta yi, kamar yadda ake share allon aji a rubuta sabon darasi. Na ƙarshe ne kawai ya tsira.

Mu'mina ta tambaya me ya sa kwamfutar ba ta gargaɗe ta ba.

"Ba ki tambaye ta ba," in ji Malam. "Ita ba ta san babanki ba. Abin da kika ce shi ta yi."

Ya ce akwai sauran dabara ɗaya. Abin da aka goge a memori yakan bar sawu, matuƙar ba a zuba sabon abu a wurin ba. Ya sa memorin ya gwada. Suka zauna suna jira. Abin da ya fito bai taka kara ya karya ba. Wani hoton rabinsa toka-toka ne. Wani kafaɗa ce kawai da gefen hula. Ba ko ɗaya da ya nuna fuska. Bidiyon suna kuwa waƙoƙin biki sun zauna a kansa.

Malam Pindar ya cire tabarau ya dubi Mu'mina. Ya ce da a ranar ta gaya masa, da an ceto mafi yawansu. Bai faɗa da faɗa ba, amma maganar ta fi bulala zafi.

Gidan ya yi sanyi. Juma'a takan zo ta wuce ba a shimfiɗa tabarma. Ya Fanna tana yin aikinta, tana amsa gaisuwa, amma dariyarta ta tafi. Mikail ya gaji da tambaya ya daina. Wannan dainawar ta fi komai damun Mu'mina. Ta so ta bar ajin kwamfuta gaba ɗaya. Ta ce ba ta son ta sake ganin kwamfuta a rayuwarta.

Wata rana tana zaune a tsakar gida, maƙwabciyar nan ta sake zuwa za ta tura wa uwarta wa'azi. Suka haɗa wayoyinsu kusa da juna suna jira. Mu'mina ta kalle su, sai ta tuna wani abu. Haka babanta yake yi. Yakan tare mutum a hanya ya ce kunna bulutut ɗinka, ya tura masa hoto ko yana so ko ba ya so. Har tsokanarsa ake yi a kan haka.

Ta gaya wa uwarta cewa ƙila hotunansa suna nan a wayoyin mutanen garinsu. Ya Fanna ta ce mutanen garinsu sun watse, wa ya san inda suke? Amma dai ta ɗauki mayafinta.

Suka fara yawo duk ranar da babu makaranta. Sun je sansanin 'yan gudun hijira. Sun je Old Maiduguri. Sun shiga Keke Napep, sun taka da ƙafa. Ko'ina sai an yi musu wushe, wato sannu da Kanuri, an ba su ruwa, sannan a ce babu. Wani ya ce wayarsa ta faɗa kogi ranar gudu. Wata ta ce tata ta ƙone tare da ɗaki. Wani tsoho ya ce shi da kansa ya goge komai saboda tsoron bincike a hanya. Mu'mina ta ji kalmar babu har ta gaji da jinta.

Sun kusa haƙura sai aka ce musu Manasse kafinta yana Mafoni. Abokin Ba Ajimi ne tun suna samari. Suka same shi yana gyara ƙafar benci. Da ya ga Ya Fanna sai ya ajiye guduma, idanunsa suka kawo ruwa. Ya ce yana da tsohon memori, matarsa ta ajiye shi a cikin gwangwanin allura da zare. Bai san abin da ke ciki ba duka, domin ya daɗe bai iya kallonsa ba. Akwai nasa mutanen a ciki, waɗanda su ma ba su iso ba.

Da ya ji yadda na Ya Fanna ya goge, sai ya dubi Mu'mina, ya dubi gwangwanin. Mu'mina ta sunkuyar da kai. Ta san idan ya hana, bai yi laifi ba.

"Baba Manasse, ni na yi kuskuren," in ji ta. "Ba sai ka ba ni a hannu ba. Ka zo da kanka, ka tsaya a kaina, Malam ma yana nan."

Ya zo kuwa, da gwangwanin a aljihu. Ya Fanna da Mikail suka zauna a kan benci. Malam Pindar ya tsaya a baya ya naɗe hannu, bai taɓa komai ba.

Mu'mina ta yi sabuwar folda, ta rubuta sabon umarni a hankali. Wannan karon ba ta ce a ɗauke ba, ta ce a kwafa, domin na Baba Manasse ya zauna yadda yake. A layin farko ta sa tambayar nan: foldar tana nan? Idan babu, a tsaya a gaya mata. Ta ƙara wata tambayar: akwai wani fayil mai wannan suna a ciki? Idan akwai, kada a ɗora a kansa, a ba sabon wani suna. Ta karanta wa Malam layi-layi. Ya gyaɗa kai.

Ta danna. Kwamfuta ta tsaya cak, ta rubuta cewa babu foldar.

Mu'mina ta duba. Ashe a kan fuskar kwamfutar ta yi foldar, umarninta kuma wani wuri yake nema. Ta kusa sake yin irin na da, amma tambayar ta tare ta. Ba abin da ya taɓu. Ta gyara, ta sake dubawa, sannan ta danna.

Hotuna suka fara shiga ɗaya bayan ɗaya. Ga kasuwar garinsu. Ga cocin su Baba Manasse. Ga wasu yara a bakin rijiya. Baba Manasse yana kiran sunayen mutane a hankali. Sai ga wani mutum da farar hula, ya riƙe rago ta ƙaho, yana washe baki.

Ya Fanna ta miƙe tsaye ba ta sani ba.

Akwai wasu hotunan nasa kaɗan, waɗanda ko ita ba ta taɓa gani ba. Akwai kuma ɗan bidiyo na bikin 'yar Baba Manasse. Hoton yana ta rawa. Can sai ga Ba Ajimi ya leƙo da fuskarsa dab da waya, yana dariya, yana cewa Manasse ya riƙe wayar da kyau, ba guduma ba ce.

Mikail ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin.

"Yana da gemu," in ji shi. "Ɗan ƙarami."

Ya Fanna ta yi dariya, hawaye na zuba. Baba Manasse ma haka. Ta jawo Mu'mina ta rungume ta, ta ce ta yafe mata tun tuni, bakinta ne kawai ya yi nauyi.

Bidiyon ranar suna bai dawo ba, kuma ba zai dawo ba. Mu'mina ta san haka, takan ji zafinsa har yanzu. Amma Malam Pindar ya sa musu sababbin hotunan a wuri biyu, ya yi wa Baba Manasse ma haka. Ranar Juma'a Mikail ya sake shimfiɗa tabarma.

Mu'mina ta koma aji, ta koma ɗaga hannu, sai dai yanzu takan bari a gama tambaya. Ta koyi cewa "na san yana nan" ba daidai yake da "na duba" ba. Kafin ka taɓa abin da ba shi da madadi, ka tsaya ka duba. Idan kuma ka yi kuskure, ka faɗa da wuri, tun ana iya gyarawa.